Igiya ta daki wuyan ƙanena a kan babur, muryarsa ta dishe: mu jira safiya?

Ɗan_Fadama: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu ilimin asibiti ku taimaka, yanzu abin ya faru. Muna wani ƙauye ne a ƙasar Jahun. Ƙanena, shekararsa 19, ya taso daga fadama bayan magariba a kan babur, ashe an gitta igiya tsakanin darbejiya biyu don tare dabbobi, bai gani ba. A wuya ta same shi, ta fizgo shi ya faɗo ta baya, babur ɗin ya yi gaba shi kaɗai. Da ƙafarsa ya shigo gida. Ba jini a waje, sai shatar igiyar jawur a ƙasan zakaran wuya. Amma muryarsa ta dishe, sai ka kara kunne kake jin abin da yake cewa. Yawu ma da ƙyar yake haɗiya, ya tofar sau biyu da ɗigon jini. Abin da ya fi ɗaga min hankali, wuyan ya fara kumbura, in na ɗora yatsa sai in ji ƙaras-ƙaras kamar an cusa leda a ƙarƙashin fata. Baba ya ce buguwa ce, a gasa masa da ruwan ɗumi a shafa man shanu, da safe a kai shi wurin mai ɗori. Mu jira safiyar ko yaya?

Maman_Khalifa: Subhanallahi. Allah Ya ba shi lafiya. Ni dai ban san aikin asibiti ba, amma tofar da jini ba abin kwana da shi ba ne.

Nas_Ta_Karkara: Ɗan_Fadama, don girman Allah kada ku jira. Ka ajiye wayar nan ka nemi mota yanzu. Wannan ƙaras-ƙaras da kake ji iska ce a ƙarƙashin fata, kuma bayan irin wannan bugu, galibi iska ba ta zuwa wurin sai in maƙogwaro, hanyar abinci ko huhu ya tsage. Ga dishewar murya, ga jini a yawu, ga wahalar haɗiya. Ko ɗaya daga cikinsu ya isa a tafi asibiti, balle sun haɗu. Ciwon maƙogwaro mayaudari ne: mutum yana zaune yana magana, kumburi yana ci ta ciki, sai a wayi gari hanyar iska ta toshe.

Kafin ku isa: kada a ba shi ruwa ko abinci, ko cokali ɗaya, domin mai yiwuwa a shiga da shi tiyata. Kada a gasa, kada a murza, kai ma ka daina dannawa. Kada a naɗa masa komai a wuya. In ya fi jin daɗin numfashi a zaune, ku bar shi a zaune, kada a tilasta masa kwanciya rigingine. Wani ya zauna kusa da shi ya tallafe kansa, kada ya riƙa waige-waige, tunda ba mu san halin da ƙashin wuyan yake ciki ba. Kuma a mota, ba a babur ba.

Ɗan_Fadama: Na gode Anti. Na karanta wa Baba. Kawu ya tafi taso mai motar da ke kai mu kasuwa.

Sarkin_Noma_Ringim: Ni fa ina ganin ana tsorata yaron nan. Mun sha faɗuwa a babur, mun sha dukan shanu. Wanda ya tashi da ƙafarsa har ya zo gida ai da sauƙi. In iska ce ta taru, wanzami ya yi masa ƙaho ta fita mana.

Nas_Ta_Karkara: Baba Sarkin Noma, ku yi haƙuri, a nan kam ƙaho ba shi da amfani. Kamar tayar babur ce da tub ɗinta ya huje: ko kun sace iskar da ta taru a waje, hujin yana nan a ciki, duk numfashin da ya ja sai wata ta ƙara fita. Ga kuma manyan jijiyoyin jini a wuya, dama da hagu, aska ba ta da wurin zuwa a nan.

Makiyayin_Maigatari: Sarkin Noma, bari in ba ku labarin abin da ya same ni, don ni ma da irin tunaninku nake. Shekarun baya muna loda shanu a mota ranar kasuwa, wani bijimi ya matse ni da jikin bodin mota. Bai soke ni ba, ƙaho bai taɓa fatata ba, matsewa ce kawai. Na miƙe na kakkaɓe riga, har na ƙarasa lodin. Bayan kamar awa biyu sai na ji numfashina yana gajarta, in ja ya tsaya a rabi. Zufa ta karyo min alhali ana sanyi. Yaran da muke tare suka ce leɓena ya canja kala, jijiyoyin wuyana sun yi ruɗu-ruɗu. Da aka kai ni asibiti, likitan ya ɗora abin sauraren nan a ƙirjina, dama da hagu, ya ce ɓangaren dama shiru. Bai ma jira hoto ba, ya caka min wata allura mai kauri a ƙirji. Wallahi da kunnena na ji iska ta fita, fuuu, kamar an kwance bakin taya. Nan take na ji kamar an ɗauke min buhun gero daga ƙirji. Daga baya suka sa min roba ta tsakanin haƙarƙari, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ruwa a ƙarƙashin gado, in na yi tari sai ruwan ya yi ɓulɓul. Kwana biyar na yi da ita. Haƙarƙari biyu ne suka karye, tsinin ɗaya ya huda huhu. Ni ma fa da ƙafata na tashi.

Sarkin_Noma_Ringim: To, Allah Ya kyauta. Ban taɓa jin irin wannan ba.

Likitan_Gobe: Ina shekarar ƙarshe a karatun likita, zan ɗan ƙara a kan maganar Anti Nas da ta Makiyayi. Huhu yana zaune ne a cikin ƙirji manne da bango, ba sarari a tsakaninsu. In ya huje, iska takan taru tsakaninsa da bangon, sai ya motse. Wani lokaci hujin yakan zama kamar ƙofa mai buɗewa ta gefe ɗaya: iska ta shiga, ba ta fita. Sai ta yi ta taruwa har ta ture zuciya da manyan jijiyoyi zuwa ɗaya ɓangaren, jini ya kasa komawa zuciya. Shi ne abin da ya sami Makiyayi, kuma yana kisa cikin mintuna in ba a sace iskar ba. Alamominsa: haki mai ƙaruwa, ɓangare ɗaya na ƙirji ba ya ɗagawa, bugun zuciya da sauri, jijiyoyin wuya su tashi, a ƙarshe maƙogwaro ya karkace gefe. Shi ya sa ba a jiran hoto.

Wani lokacin kuma jini ne ke taruwa maimakon iska. Ɓangare ɗaya na ƙirjin babba zai iya shanye fiye da lita biyu na jini ba tare da ɗigo ɗaya ya fito waje ba, alhali duka jinin jikin babba wajen lita biyar ne. Irin wannan za ka ga tafin hannu da cikin ido sun yi fari, jiki ya yi sanyi, ga ƙishirwa, ga jiri in ya miƙe.

Abu ɗaya da kowa zai iya yi a gida ba da na'ura ba: ƙirga numfashi. Ka duba agogon waya, ka ƙirga sau nawa ƙirji ya ɗaga a minti ɗaya. Babba mai lafiya 12 zuwa 20 yake yi. In ka ga ya doshi 30, ko kuma yana ƙaruwa duk lokacin da ka sake ƙirgawa, ba lafiya.

Ɗan_Gidan_Ɗori: Ina so a yi wa masu ɗori adalci. Mahaifina shekara sama da 40 yana wannan sana'a, ya gada ne daga nasa uban. Ban taɓa ganin ya taɓa wuya ba. Duk wanda aka kawo da ciwon wuya, ko mai cewa hannu da ƙafa sun mutu, ko mai tari da jini, cewa yake a wuce da shi asibiti, wannan ba namu ba ne. Hannu da ƙafa su ne aikinmu. Kada a yi mana kuɗin goro.

Hajjo_Kiyawa: Gaskiya mahaifinka mutumin kirki ne, amma ba duka suke haka ba. Mijin yayata ya faɗo daga kan kuka wajen ɗibar miya, haƙarƙarinsa ya karye. Wani mai ɗori ya naɗe masa ƙirji tam da rawani, ya ce kada a kwance sai sati biyu. Kwana huɗu zazzaɓi ya rufe shi, majina ta cika masa ƙirji. A asibiti aka ce limoniya ce. Da ƙyar aka samu kansa.

Nas_Ta_Karkara: Haka ne Hajjo. Haƙarƙari ba a ɗaure shi. Da kansa yake haɗewa cikin kamar sati shida. Abin da mai karayar yake buƙata shi ne maganin ciwo mai kyau, don ya iya jan dogon numfashi ya kuma yi tari ya fitar da majina. In aka matse ƙirjin, huhu ba ya buɗewa, majina ta kwanta, limoniya ta biyo baya, musamman ga tsofaffi. Kuma in karayar a haƙarƙarin ƙasa take, a kula da ciki: saifa tana ƙarƙashin na hagu, hanta tana ƙarƙashin na dama.

Ɗan_Gidan_Ɗori, ka gaishe mana da Baba. Da kowa zai san iyakarsa kamar yadda ya sani, da mun rage ganin abin da muke gani.

Abban_Sadiya: Ni tambayata ita ce wa ya gitta igiyar? Wannan ai ganganci ne. Hanyar da jama'a ke bi da daddare! Ya kamata a kai maganar gaban mai unguwa, in ta kama har wurin dagaci.

Sarkin_Noma_Ringim: Ka san halin da ake ciki lokacin kaka, kowa yana tsoron dabbobi su shiga masa amfanin gona. Amma ko za a tare, ai sai a sa ƙaya a ƙasa, ko a ɗaura tsumma fari a jikin igiyar yadda fitila za ta haska.

Abban_Sadiya: Ko tsumman ba zai hana ba in mutum yana gudu. A daina kawai.

Maman_Khalifa: Tunda ana maganar wuya, mata mu ma mu kula. 'Yar maƙwabciyarmu, yarinya 'yar shekara 13, ta kai markaɗe, bel ɗin injin ya kama gefen hijabinta ya naɗe. Allah Ya sa mai injin ya kashe da wuri. Aka warware, ta yi tari, ta yi kuka, ta ɗauki bokitinta ta koma gida. Shata ce kawai a wuya, kamar ta ƙanen Ɗan_Fadama. Kowa ya ce an auna arziki. Washegari da hantsi uwar ta ga bakinta ya karkace, hannun dama ba ya ɗaguwa, magana tana harɗewa. Mutane suka ce iskokai ne, aka fara hayaƙi. Sai da aka je Kano aka ce jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ce ta ji ciwo ta ciki. Yanzu tana tafiya, amma hannun har yau bai dawo daidai ba. In na ga yarinya da dogon hijabi a bakin inji ko a bayan babur, sai na tsayar da ita na ce ta tattare.

Likitan_Gobe: Mama, wannan sananne ne a likitance. In aka shaƙe wuya ko aka fizge shi da ƙarfi, bangon jijiyar yakan tsage ta ciki, jini ya daskare a wurin, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa. Alamar shanyewar ɓarin jiki takan fito bayan awoyi, wani lokaci bayan kwana ɗaya ko fiye. Don haka duk wanda aka shaƙe, ko da ya ce garau yake, a sa masa ido: ciwon kai mai tsanani, karkacewar baki, mutuwar hannu, fatar ido ɗaya ta sauko, gani ya dushe.

Direban_Gujungu: Ni direba ne, na sha ɗaukar waɗanda suka yi haɗari. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake ciccibar mutum, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, kai yana reto. In ba a da gadon ɗaukar marar lafiya, ko ƙyauren ɗaki a ciro a shimfiɗa mutumin a kai, mutum ɗaya ya riƙe kan. A babban titi kuma ana iya kiran jami'an kiyaye haɗurra a 122, ko lambar gaggawa 112. A cikin ƙauye dai motar gari ita ce gatanku.

Buba_Kazaure: Ina da ja a kan hoton ƙirjin nan da ake yi a asibiti. Ɗana amalanke ya taka shi a ƙirji, shekararsa bakwai. Muka kai shi wani asibiti, aka yi hoto aka ce ba karaya, aka sallame mu da maganin ciwo. Cikin dare na biyu yaron nan ya fara numfashi sama-sama, muka koma a guje, sai da ya yi kwana uku a kan oksijin. To ina amfanin hoton?

Likitan_Gobe: Malam Buba, Allah Ya ƙara masa lafiya. Ƙashin yara yana da danƙo, yakan lanƙwasa ya dawo bai karye ba, amma huhun da ke ƙarƙashi ya daku. Shi kuma dakakken huhu sau da yawa ba ya fitowa a hoton farko, sai a hankali yake tara ruwa da jini, ya fi tsanani bayan kwana ɗaya zuwa biyu. Hoton bai yi ƙarya ba, abin da ke nan a lokacin ya nuna. Yaron da abu mai nauyi ya bi ta kan ƙirjinsa ya cancanci a kwantar da shi a sa masa ido, ko aƙalla a gaya wa iyaye abin da za su gani su dawo.

Tunda an zo nan, bari in faɗa wa Ɗan_Fadama abin da zai tarar, don kada ya ruɗe. Za su fara da duba numfashi, su maƙala masa 'yar na'ura a yatsa mai auna oksijin; mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama. Sai hoton wuya da na ƙirji, inda iskar da ta ɓalle ke fitowa kamar baƙaƙen zane a cikin tsoka. Wasu wuraren suna ɗora na'urar sikanin a ƙirji, irin ta masu ciki, tana nuna iska ko jini nan take. In akwai siti sikan, wato babbar na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, ya fi nuna guringuntsin da ya karye da ƙashin wuya. Amma abin da ke raba gardama shi ne siririyar roba mai kyamara da ake zurawa ta hanci ko ta baki a ga tsagar ido da ido. Tsawon maƙogwaron babba wajen santimita 10 zuwa 12 ne, zobban guringuntsi ne 16 zuwa 20 a jere, bayansu kuma hanyar abinci ce manne, shi ya sa ita ma sai an duba ta. Ba kowane asibiti ke da waɗannan ba. In aka ce ku wuce Dutse ko Birnin Kudu, ko Asibitin Malam Aminu Kano inda ake da likitocin kunne, hanci da maƙogwaro da na tiyatar ƙirji, kada ku ɗauka wulaƙanci ne.

Buba_Kazaure: Na gane. Da an yi min wannan bayanin a ranar, da ban bar harabar asibitin ba.

Hajjo_Kiyawa: To idan abu ne ya soki mutum fa, kamar lauje ko wuƙa ko kara, a zare?

Nas_Ta_Karkara: A'a, kada a zare. Sau da yawa shi ne ya toshe jijiyar da ya yanka. A tokare shi da tsumma mai tsabta ta kowane gefe kada ya motsa, a tafi da shi haka. In rami ne a wuya yana zubar da jini, a danne wurin da hannu da ƙyalle, ba a zagaye wuya da ɗauri ba, kuma kada a zura yatsa ko tsinke don a ga zurfinsa. In a ƙirji ne kina jin yana zuƙar iska yana kumfa, a rufe da leda mai tsabta a liƙe gefe uku a bar ɗaya. In numfashin ya ƙara tsanani a ɗage ledar. Toka, ƙasa, garin magani, duk kada a zuba.

Ɗan_Fadama, ina kuke? Shirun ya yi yawa.

Ɗan_Fadama: Ku yi haƙuri, ba sabis a hanya. Mun isa babban asibiti wajen ƙarfe 11. A mota kumburin ya hau har kumatu ya gangaro ƙirji, idonsa ɗaya ya kusa rufewa. Na yi ƙirgen da Likitan_Gobe ya ce, a gida 22, kafin mu isa 31. Kuma ya fara wata ƙara in zai ja numfashi, kamar ana busa ta cikin kara. Suna ganinsa suka sa masa oksijin, aka yi hoto, likitan ya nuna min iskar a jikin hoton. Sun ce Kano za mu wuce a motar asibiti, da ma'aikaci a tare da mu. Baba ya yi shiru tun da muka taso, sai carbi yake ja. Ku sa mu a addu'a.

Sarkin_Noma_Ringim: Allah Ya tashi kafaɗunsa. Ɗana, ka manta da maganar ƙahon da na yi.

Makiyayin_Maigatari: Amin. Ka riƙe masa hannu ka riƙa yi masa magana, rashin iska yana zuwa da tsoro mai yawa, na san shi.

Ɗan_Fadama: Salam. Yau kwana uku. Da asubar ranar aka shiga da shi tiyata. Sun ce maƙogwaron ya tsage a ƙasan zakaran wuya, guringuntsi ɗaya ya karye, amma ƙashin wuya da hanyar abinci lafiya. Sun huda masa ƙasan wuya sun sa roba, ta nan yake numfashi yanzu, sun ɗinke tsagar. Abinci ta robar hanci ake ba shi. Kumburin fuska ya fara saɓewa, in ka taɓa ƙirjin har yanzu akwai ɗan ƙaras-ƙaras, sun ce jiki zai shanye shi. Ba ya magana, sai rubutu a bayan katin asibiti. Abu na farko da ya rubuta, wai a tura wani ya ba tumatirinsa ruwa. Maganar murya sun ce sai an cire roba za a sani, don jijiyar murya tana bin gefen wurin da ya tsage.

Maman_Khalifa: Alhamdulillah. Har na yi hawaye. Allah Ya dawo masa da muryarsa.

Likitan_Gobe: Alhamdulillah. Bayan an sallame ku kada ku yi wasa da ranar komawa asibiti. Wurin da aka ɗinke yakan yi tabo ya tsuke bayan makonni ko watanni. In ka ji yana shaƙewa ko numfashinsa yana fito in ya yi aiki, kada a ce asma ce a saya masa abin shaƙa a kemis, ku koma wurin waɗanda suka yi aikin.

Abban_Sadiya: Igiyar fa, an cire?

Ɗan_Fadama: Kawu ya ce mai unguwa ya sa an kwance ta washegari, mai gonar ma ya zo gida har sau biyu yana kuka. Baba ya ce a bar maganar sai yaro ya dawo.

Hajjo_Kiyawa: Anti Nas, wata tambaya. Jikana ya faɗo daga kan jaki jiya da yamma, ya bugu a gefen ƙirji, yana wasansa amma ya ce wurin yana masa zafi in ya yi dariya. Na ƙirga numfashinsa yana barci na samu 24, shekararsa biyar. Na yara ma 12 zuwa 20 ne, ko nasu daban?